Jaka a Kan Tankin Boxer: Yadda Aikin Ke Tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Sana'ata haɗa sola ce da gyaranta, kuma yawancin masu nemana ba a cikin birnin Kano suke ba. Yau Gezawa, gobe wani ƙauye a bayan Dambatta ko Bichi, inda famfon burtsatse ya tsaya ko inbatar wani shagon caji ta ƙi ɗauka. Babur ɗina Boxer ne na kamfanin Bajaj, kariyarsa kuwa, wato wurin ɗaura kaya na baya, kullum da mai ita: ko batir, ko naɗin waya, ko farantin sola a ɗaure. Ƙananan kaya su ne ba su da mazauni. Mitar awon wuta, filaya, sukundireba, tef, littafin rasit, takardun babur, da waya.

Na daɗe ina goya jaka, amma ranar da aka ƙwalla rana, kafin in fita gari rigata ta jiƙe sharkaf. Sannan ba na son ƙarfe a gadon bayana. In tsautsayi ya gitta mutum ya faɗi, a kan filaya zai sauka. Rataya leda a hannun babur, yadda mutane da yawa ke yi, ba na ma sa shi a lissafi. Abu mai nauyi yana lilo a gefe guda, yana jan kan babur inda ya ga dama.

Saman tanki ne ya rage, kuma shi ya fi dacewa. Yana tsakanin tayoyin biyu, yana gaban idona, hannuna yana kai gare shi ba sai na sauka ba.

Masu ƙera jakar tanki a waje hanya uku suke bi wajen riƙe ta. Akwai mai maganaɗisu, wadda sai a tankin ƙarfe take kamawa. Akwai mai ɗamara, da ake ɗaurewa a jikin firam. Akwai kuma wadda kamfanoni irin Givi na Italiya da SW-Motech na Jamus ke yi, mai zoben da ake ɗaurawa a kusoshin da suka kewaye murfin tanki, jakar ta hau ta kulle. Ta ukun nan ba ta shafe ni ba, don murfina ba shi da waɗannan kusoshi. Tankina dai ƙarfe ne, na manna ɗan maganaɗisu ya kama.

Abin da na tsayar: zan bayar a ɗinka mini, kuma gida biyu. Shimfiɗa daban, wadda za ta zauna a kan tanki a ɗaure da firam, jaka daban, wadda za ta riƙa hawa kan shimfiɗar tana sauka.

Talata, 14 ga Janairu

Yau awo na yi, da kwalin taliya da almakashi. Na yanka kwalin na lanƙwasa shi ya bi siffar tanki, na haɗa wani ƙaramin kwali a kai a matsayin jakar, na manne da salatif. Sai na ɗora babur a jak ɗin tsakiya na hau.

Awon farko: juya kan babur har ƙarshe, dama da hagu. Da na kai shi hagu, maɓallin oda ya tokari kusurwar kwalin. A titi ke nan, duk kwanar da na sha a lungu sai babur ya yi ta ihu, kuma abin da ya fi wannan muni, kan ba zai kai ƙarshensa ba a daidai lokacin da nake buƙatarsa. Na sare kusurwoyin gaban biyu, jakar ta tsuke a gaba ta buɗe a baya.

Tsayi ma na rage. Daga inda nake zaune dole in ga agogon gudu da fitilar nutural ba tare da na leƙa ba, kuma hannuna ya kai ga makulli. Ta baya na bar tazarar tafin hannu tsakanin jaka da bakin kujera, saboda in na miƙe a kan matakai zan tsallake rami kada cikina ya daki jaka. Gefe da gefe, inda gwiwa ke matse tanki, na bar shi fili.

Abin da ya fito: tsawo santimita 28, faɗin baya 22, faɗin gaba 16, tsayi 13. Ƙarama ce, kuma haka nake so. Babbar jaka kiran kaya take yi.

Asabar, 18 ga Janairu

Na kai kwalin gareji wurin bakanikena, dattijon da ya fara taɓa babur tun ana yayin Honda Benly. Ya juya shi a hannu, ya ɗora a tanki, ya ce, "Injiniya, ina hancin?"

Na ce, "Wane hanci, Baba?"

Bai amsa da baki ba. Ya sa yaronsa ya kawo kwalba da farar leda. Tankina a cike yake lokacin. Ya zare tiyon mai daga jikin kafireta ya zura a kwalbar, ya buɗe makunnin mai, fetur ya zubo siriri ba yankewa. Sai ya rufe murfin tanki da ledar nan, ya naɗe wuyan da robar tub tam. Ba a jima ba ledar ta fara lotsawa ciki, tana manne wa murfin, zubar man ta koma ɗigo-ɗigo. Ya fizge robar, man ya dawo da gudunsa.

Babur irin nawa ba shi da famfon tura mai. Nauyin fetur ne kawai ke gangaro da shi daga tanki zuwa kafireta, kuma duk abin da ya fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa ta wata 'yar kafa da ke jikin murfi. In ta toshe, babur zai yi tafiya kaɗan ya fara shaƙewa kamar mai ya ƙare, alhali tanki cike. Mutum ya tsaya ya buɗe murfi ya duba, iska ta shiga, babur ya tashi lafiya lau, can gaba ya sake. Ya ce ya sha ganin masu rigar tanki matsattsiya sun canja filogi, sun wanke kafireta, sun kashe kuɗi a banza, ciwon kuwa yana kan murfi.

Saboda haka shimfiɗar za ta zama da rami a tsakiya, wanda ya fi murfin faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe, kuma kaurinta ya kai yadda gindin jaka ba zai kwanta a kan murfin ba. Za a bar wata 'yar hanya daga ramin zuwa gaba, iska ta riƙa ratsawa.

Mun cire kujera muka duba inda ɗamara za ta bi. Ta gaba za ta zagaye wuyan firam, amma ta ƙarƙashin wayoyi, ba ta kansu ba. Wayar totur, wayar kuloci da damin wayarin duk ta nan suke wucewa, kuma suna motsi duk sanda kai ya juya. Ɗamarar da ta danne wayar totur tana iya sa babur ya ƙara wuta da kansa a tsakiyar kwana. Ya kuma nuna mini ɗan ƙarfen da ke tare kan babur in ya kai ƙarshe, ya ce kada ɗamara ta faɗa tsakaninsu, don a hankali zai cinye ta. Ta baya guda biyu ne, kowace ta zagaye bututun firam a ƙarƙashin kujera, nesa da kan batir da bakin akwatin tace iska.

Na tambaye shi zagayo da ɗamara ɗaya ta ƙarƙashin cikin tanki, tunda ya fi sauƙi. Ya ɗora hannuna kusa da kan injin wani babur da aka kashe yanzu. Ban sake tambaya ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Neman maganaɗisu da ɗamara.

Na fara gwada zoben tsohuwar sifika. Yana da nauyi, yana da kauri, kamunsa kuma bai taka kara ya karya ba. Sai na je wurin masu gyaran kwamfuta na sayi matattun hadis (hard disk), wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, na kwance su. A cikin kowanne akwai maganaɗisun neodimiyam, ɗan lanƙwasasshe, manne a kan farantin ƙarfe. Ƙarami ne, amma in ya kama tanki sai an zame shi gefe kafin ya saki. Na bar su a kan farantinsu, saboda dalili biyu. Na farko, suna da gautsi, in an ɓamɓare su sukan karye ko fatar da aka lulluɓe su da ita ta ɗaye, daga nan sai tsatsa. Na biyu, farantin yana tare yawancin ƙarfin daga baya, wato ɓangaren da zai kalli kayana.

Abu biyu na lura da su da na yi ta gwaji a jikin tanki. Ƙarfinsa a kusa yake. Da yadi ɗaya a tsakani yana riƙewa sosai, da na ninka tamfol na ƙara soso sai ya zama kamar ba shi ba. Ke nan aljihun da za a saka shi dole ya zama a can ƙasa, yadi ɗaya tal tsakaninsa da tanki. Na biyu kuma shi ya fi damuna: ɗaga shi sama yana da wuya, amma tura shi gefe yana da sauƙi. Jaka kuwa a kan babur ba sama ake jan ta ba. Birki gaba yake tura ta, gargada kuma tana girgiza ta tana zamewa kaɗan-kaɗan. Wannan ya ƙara tabbatar mini cewa maganaɗisu shi kaɗai, a hanyoyin da nake bi, ba abin dogaro ba ne. Zai iya hana gefen shimfiɗa kaɗawa, amma riƙon gaske na ɗamara ne.

Ɗamarar jaka da ake sayarwa a Kofar Wambai kala-kala ce, kuma a ido duk ɗaya suke. Akwai ta folifirofilin, mai araha, wadda rana ke cinyewa ta koma gari, kuma tana narkewa a wajen digiri 165. Akwai ta nailan, mai ƙarfi, amma tana shan ruwa ta saki. Akwai ta foliyesta, wadda ta fi jure rana, ba ta cika miƙewa ba, narkewarta sai wajen digiri 250. Bel ɗin kujerar mota da ita ake yi. Hanyar rarrabewa mai sauƙi: a yanki ɗan guntu a danna shi cikin kofin ruwa har ya jiƙe. Folifirofilin zai taso sama, sauran biyun su nutse. Mai shagon ya ba ni guntaye, na gwada a gabansa da ruwan leda, ya yi ta mamaki.

Na sayi ta foliyesta mai nutsewa, faɗin santimita biyu da rabi. Na biya Kofar Ruwa na samo tsohon bel ɗin mota, shi zai zagaye wuyan firam, inda gugar ta fi yawa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ɗinki. Na kai wa wani dattijo mai ɗinkin kujerun babur da rumfar adaidaita sahu, don kekensa yana cin tamfol ninki huɗu ba ya tari.

Shimfiɗar hawa uku ce. Sama tamfol, tsakiya soson takalmi mai tauri, ƙasa kuma, inda zai taɓa fenti, na so a sa roba don kada ta zame. Ya girgiza kai.

"Malam, roba tana kama ƙura, kuma in ta yi zafi tana manne wa fenti. Sa yadi mai laushi a tsakiya, robar a bar ta a gefe-gefe, 'yar siririya."

Na ce, "Yadda kuka gani, Baba."

Na tsaya ina kallon yadda yake kafa ɗamara. Ba ya yin layi ɗaya ya wuce. Sai ya ɗinka murabba'i, sannan ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, ya koma da baya ya kulle zaren. Kafin nan ya sa ƙarin ƙyallen tamfol a ƙarƙashi, saboda a cewarsa ba zare ne ke fara tsinkewa ba, yadin ne ke yagewa a bin ramukan allura. Kowane bakin ɗamara ya ƙona shi da ashana ya danne da gindin almakashi. Gam bai shiga aikin ba ko kaɗan, don fetur yana narkar da shi.

Aljihun maganaɗisu huɗu ne, biyu a kowane fiffike, an bar bakinsu a buɗe ta sama yadda zan iya zaro su. Jakar kuma tana hawa kan shimfiɗa da kilif huɗu na roba, irin na jakar makaranta masu cewa ƙas, biyu gaba biyu baya. Ya sa mata gindi mai tauri da ya yanko daga jikin tsohuwar jarka, da aljihun farar roba a sama don waya, da zobba biyu na rataya a kafaɗa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Gwajin hanya. Ina da aiki wurin masu noman rani kusa da madatsar ruwan Tomas, ga shi ranar kasuwar Dambatta, hanya cike da motocin dabbobi da na hatsi. An tashi da hazo da iska mai sanyi.

Kafin in fita na tayar da babur a tsaye, na bar shi yana salo, na juya kai dama da hagu har ƙarshe ina saurare. Ƙarar inji ba ta canja ba, wato ba abin da ke jan wayar totur. Na matsa kuloci, laushinsa na nan. Wannan gwajin ya zama dole duk sanda aka taɓa ɗamarar gaba.

A kwalta ba ta motsa ba. Inda na fi sa ido shi ne lokacin da tirela ta taho ta gaba ta wuce, iskarta ta bugo. Ƙarfin iska ba ya tafiya daidai da gudu, ninkawa yake yi: abin da ke bugun jaka a gudun kilomita 80 ya ninka na kilomita 40 sau huɗu. Na ji jakar ta ɗan ɗaga baki ta koma. Da maganaɗisu ne kawai ke riƙe da ita, ban san inda za ta kwana ba, kuma jakar da ta tashi ta faɗo tsakanin hannuwan mai tuƙi a gaban tirela ba ƙaramin abu ba ce.

A burji ne aikin ya nuna inda ya rage. Bayan tafiya mai ɗan nisa a gargada, shimfiɗar ta matsa gaba kamar yatsa biyu, har bakin ramin ya fara taɓa murfi. Na tsaya na duba. Ɗinki lafiya, kilif lafiya, amma ɗamarar baya ta zame a cikin maƙalar da ake tsuke ta. Foliyesta tana da santsi, haƙoran maƙalar roba ba sa cizon ta sosai, girgiza kuma tana sassauta ta a hankali. Na ja na ƙulle bakin na ƙarasa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

An cire maƙalan roba na ɗamarar baya, an sa zoben ƙarfe bibbiyu, irin na igiyar hular kwano. Ɗamara ta shiga ta cikin duka biyun, ta juyo ta ratsa tsakaninsu. Iya ja, iya matsewa. Rarar da ta saura na naɗe ta na ɗaure da yankin tub, don kada wani baki ya sauko ya sami sarƙa ko taya.

Tsarin ɗaurin ma na gyara. Na baya ake fara tsukewa, su ne ke hana ta tafiya gaba in an taka birki. Ta gaba daga baya, kuma ba a yi mata jan ƙarfi.

Nauyi: na auna a sikelin mai shago, na tsayar wa kaina kilo uku. Ƙarafa a ƙasa kuma ta baya, kusa da ni, a naɗe cikin tsumma don kada su yi ta dukan tanki.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na kwance shimfiɗar don in ga abin da ke ƙarƙashi, na kuwa ga abin da ban so ba. A daidai inda maganaɗisun gaba suke, fenti ya dushe, da 'yan zane-zane sirara masu zagaye. Na juya shimfiɗar. A kan kowane aljihu ga baƙin garin ƙarfe ya tsaya cirko-cirko kamar gashin buroshi, ya bi siffar maganaɗisun da ke ciki. Aikina yana kai ni wurin masu walda, inda ake haɗa ƙafafun farantan sola, ƙasar wurin kuwa rabinta ƙarfe ce. Ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da shi, girgiza ta yi ta gurzawa.

Goge shi da tsumma ba ya yi, sai dai ya matsa gefe ya dawo. Sai da na zaro maganaɗisun daga aljihu, garin ya zube da kansa, ragowar na ɗebe da salatif. Ranar na gode wa Baba mai ɗinki da ya bar bakin aljihun a buɗe.

Na wanke tanki, ya bushe, na kai wurin masu sitika suka manna mini farar leda mai kauri a duk inda shimfiɗa ke taɓawa, aka yanke ramin murfi. Na cire maganaɗisun gaba biyu gaba ɗaya, tunda ɗamarar wuya tana riƙe wurin. Na baya biyu na bar su, su ne ke hana fiffiken kaɗawa a gefen gwiwa.

Wani zai ce fenti ne kawai, babur ɗin aiki ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. Inda fenti ya tafi, nan tsatsa ke fara ci, tankin da ya huje kuwa ya zama abin tsoro a kan inji mai zafi.

Asabar, 15 ga Maris

Muna tsakiyar azumi, ayyuka sun koma na safe. Jakar ta zauna, yanzu amfani da ita ne ke koya mini abubuwa.

A gidan mai ina kashe babur, in ɓalle kilif biyu na baya, in kifa jakar gaba a kan hannuwa, murfi ya bayyana ta ramin. Ina roƙon mai zubawa kada ya cika har baki, don fetur yana kumbura in ya ji rana, ya biyo ta hancin murfi ya jiƙa shimfiɗa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba kasafai ake cika tanki ba ma, amma wurin 'yan bumburutu, masu zubawa da galan da mazurari, ɗiga ba ta ƙarewa. Nan nakan cire jakar gaba ɗaya, in sa tsumma a bakin ramin.

Dabinon buɗa-baki da na saka a leda ya ɗauki warin fetur. Tururin da ke fita ta murfi a ƙarƙashin jakar yake. Yanzu duk abin ci yana cikin roba mai murfi.

Ranar Laraba la'asar ta same ni a gona, na buɗe manhajar alƙibla wayar tana cikin aljihun jaka, ta nuna mini wajen da na san kudu ne. Na ɗauke ta na matsa taku kaɗan, ta dawo gabas. Maganaɗisu yana rikita kamfas ɗin waya. Haka ma mitata mai baki, wadda ke auna wutar batir ba tare da an yanke waya ba, da ƙarfin maganaɗisu take aiki. Na mayar da ita saman kaya, kuma ina danna maɓallin sifili kafin kowane awo. Katin ATM yana aljihun rigata. Ɗan guntun zinaren da POS ke karantawa ba ruwansa da maganaɗisu, amma baƙin layin da ke bayan katin yana iya gogewa.

Sai tsaro. Jakar da ke fita da ƙas huɗu, kowa ma zai iya fitar da ita. Ba na barin ta a kan babur ko da sallah zan shiga, ina saɓa ta a kafaɗa. A cikin gari, musamman a danja da cunkoson yamma, waya ba ta zama a aljihun sama inda kowa ke gani. Halin da ake ciki na ƙwacen waya a Kano ba sai an faɗa wa kowa ba. Na kuma ƙara wata 'yar igiya daga zoben jaka zuwa ɗamarar wuya, ko kilif ya karye ko wani ya fizga, ba za ta rabu da babur nan take ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bazara ta kankama. Na je Kura duba famfon masu shinkafa, kafin in isa wayar ta rubuta cewa ta yi zafi, ta rage haske, ta daina caji. Aljihun farar roba yana tara zafi, rana ta shiga ba ta fita. Kamfanin Apple ma cewa ya yi a yi amfani da wayarsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu inuwa kanta tana haura 40. Batirin waya ba ya yafe irin wannan.

An huda gefen aljihun biyu don iska, an ɗinka masa farin marufi da ke rufe shi. In ina buƙatar taswira sai in tsaya a inuwa in ɗaga. Fawa-bank ya koma can ƙasan jaka, cikin tsumma.

Maganaɗisun neodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfi in ya haura digiri 80. Baƙin tanki a rana tsaka yana ƙona hannu, amma a ƙarƙashin shimfiɗa da sauƙi, kuma na gwada su, kamunsu na nan. Kilif ɗin roba su ne rana ta fara nunawa a jikinsu, baƙinsu ya soma komawa toka-toka.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwan farko mai ƙarfi da ya same ni a hanya, tsakanin Wudil da gari. Tamfol bai sha ruwa ba, amma ruwa ya bi ta zif da ramukan allura. Littafin rasit ya jiƙe ta gefe, takardun babur suna cikin leda, sun tsira.

Baba ya ɗinka mata hula ta yadin lema mai roba a baki. Na ce ya ƙara mata igiya da za a ɗaure a zobe, don hular da iska ta cire a gudu fuskar mai tuƙi take nufa. An bar ƙasanta a buɗe ta gaba saboda hancin murfi. Zif na goga masa kyandir. Mita da takardu kuma kowanne da ledarsa a ciki, ko da hula ko babu.

Da na isa gida na kwance shimfiɗar. Ƙarƙashinta a jiƙe, ruwa ya taru a ramin murfi, soson ya riƙe danshi. In aka bar shi haka kwana da kwanaki, tsatsa za ta fara daga wuyan tanki, kuma ruwan da ya kwanta a kan murfi yana iya samun hanya ya shiga cikin mai. An tsaga wata 'yar magudana daga ramin zuwa gefen hagu, ɓangaren da babur ke kwantawa in yana kan jak ɗin gefe. Duk ranar da ruwa ya dake ni, shimfiɗa a kan igiyar shanya take kwana.

Asabar, 5 ga Yuli

Na cire kujera na bi ɗamarar ɗaya bayan ɗaya. Na baya ba su sassauta ba tun da aka sa zobba. Bel ɗin motar da ke wuyan firam ya ɗan yi gashi a gefe guda, inda yake gogar wani bakin walda. Na zura masa guntun tub a wurin. Ledar da aka manna a tanki ta dushe, fentin da ke ƙarƙashinta kuwa bai ƙara ko zane ɗaya ba.

Kilif ɗin gaba na dama ya tsage a harshe. Na canja shi, amma sauran ukun ma sa'anninsa ne, don haka ina neman na ƙarfe kafin ruwan Agusta. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce shi ma yana so a Jincheng ɗinsa. Tankinsa ya fi nawa tsukewa, murfinsa kuma ya fi matsowa gaba, awona ba zai yi masa ba. Na ce ya nemo kwali da almakashi, ranar Talata mu fara daga juya kai dama da hagu.